Faifan da Takwararki Ta Kifa a Nguru

Falmata 'yata,

Assalamu alaikum. Da sunan Allah na ɗauki biro, kuma Shi nake roƙo Ya sa takardar nan ta same ki lafiya lau, Ya tsare motarku daga sharrin hanya da gangancin direba, Ya sauke ki Kano cikin aminci. In kin isa ki gaishe mini da Kawunki Sale da iyalinsa. Busasshen kifin da ke cikin baƙar leda nasu ne, dakakken yajin kuma naki, kada ki haɗa ki ba su duka don kunya.

Na cusa takardar a bakin jakarki ne saboda na san halinmu. Ni da ke in muka fara magana, kafin in kai tsakiya kin ce, "Inna, ai yanzu zamani ya canza," ni kuma raina ya ɓaci, a tashi ba a faɗi komai ba. Takarda ba a katse ta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ajin yaƙi da jahilci na yi, ba jami'a irin taku ba.

Kafin komai, na gode miki. Ban cika faɗa ba, bakina ya fi sabawa da faɗa, amma yau zan faɗa. Kin gama karatunki a nan Gashuwa ba ki taɓa jawo mana abin kunya ba. Kin zauna gida kina neman aiki har takalminki ya cinye, ba ki taɓa ɗaga mana murya ba. Lokacin da ciwon baya ya kwantar da Babanku ana tsakiyar yankan shinkafa, ke kika ɗaura zane kika shiga fadama da digirinki. Mata suna dariya, ni kuwa ina kallonki zuciyata fal da alfahari. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki masu yi miki fiye da haka.

To, ga maganar da ta sa ni rubutu.

Ranar da saƙon nan ya shigo wayarki, cewa kamfanin da ke sayar da kaya ta intanet yana neman masu aikin sito a Kano, a zo da gaggawa, ba jarrabawa ba ganawa, ni ce na fara rangaɗa guɗa. Ko mayafi ban yafa daidai ba na bi gidajen unguwa ina shela. Wannan wauta ce tawa. Ban tsaya na tambayi kaina ba, a ƙasar da mai digiri ke tallan ruwa, me ya sa aiki zai zo yana roƙon mutane su yi sauri? Ke kada ki yi irin nawa. Duk abin da ya zo miki da sauƙi haka, ki gode wa Allah, sannan ki tambaya daga hannun wa ya fito.

Amsar ta zo mini a tsakar gidan Hajiya Binta, maƙwabciyarmu mai sarin takalma da jakunkuna ta waya. Na shiga yi mata albishir na tarar tana ta sababi.

"Ke dai bari, Hadiza," in ji ta, "kayana sun maƙale a Kano. Wai ma'aikatan siton sun tafi yajin aiki. Sun ce tsaye suke wuni, ba a barin mutum ya zagaya sai na'ura ta yarda, ga zafi kamar gidan burodi. Har mutane na ta yaɗawa a waya wai a ƙaurace wa kamfanin, kada a sayi ko allura sai an gyara. Ni ina ruwana? Takalman amarya nake jira!"

Na fito ban yi mata albishir ɗin ba. Da na dawo na gaya miki, kika ce, "Inna, ni aiki aka ce in zo in yi, ba ni na kore su ba." Na juya na ci gaba da aikina. Kin ɗauka na yarda ne. Ban yarda ba, ban kuma ƙi ba, tunanin takwararki ne ya taso mini.

Ban sani ba ko siton da ake yajin shi ne wanda aka kira ki. Watakila wani ne daban, in sha Allahu ma daban ne. Amma idan shi ne, to gurbin wata aka kira ki ki cike, kuma ina so ki san abin da hakan yake nufi kafin ki sa ƙafa.

Kin san Ya Falmata ta Kumagannam, tsohuwar da ke aiko miki da man shanu duk Sallah. Kin san sunanta kika ci. Kullum in kin tambaya sai in ce ƙawata ce, in wuce. Ga yadda muka haɗu.

Lokacin muna zaune a Nguru, ina da cikinki. Babanku yana dako a kasuwa, ni kuma ina bakacen riɗi a wani babban sito kusa da layin dogo. 'Yan kasuwa su tara riɗi daga ƙauyuka, mu mata mu rairaye, mu bakace, mu tsince tsakuwa, sannan a ɗinke buhuna a loda wa tirela. Kowace mace da faifanta take zuwa daga gida. Mai siton ba mu cika ganinsa ba. Wakilinsa, Malam Gambo, shi ne a kanmu.

Hannuna yana da sauri, kin sani, har yau ba ki kama ni a tsintar shinkafa. Malam Gambo ya lura. Sai ya riƙa tsayawa a kaina yana cewa, "Ku dubi Hadiza! Da ciki ma ta fi ku." Ni kuwa kaina ya kumbura, na ƙara wuta. Ana nan sai ya kafa doka, duk wadda ba ta tara abin da Hadiza ta tara ba, kada ta dawo gobe. Ka ji fa! Ni ina jin daɗin yabo, ashe sanda aka mai da ni ana dukan 'yan'uwana. An ce a inda za ki akwai na'urar da ke lissafa saurin kowa. Ki yi aikinki tsakani da Allah, ban ce ki yi ha'inci ba, ban haifi malalaciya ba. Amma kada ki yi tsere don a yabe ki. Ki riƙa duba ta gefenki, ki ga ko numfashinta na kaiwa.

Siton nan kuwa an toshe tagoginsa da bulo, wai kada iska ta kwashe riɗi. Ƙofa kuma Malam Gambo yakan datse ta daga waje in zai fita, wai kada mu ƙulle riɗi a bakin zane. Ƙura ta tashi ta rasa hanyar fita, sai ta koma ƙirjinmu. In kika yi kaki baƙi ƙirin. Babu randa, babu makewayi. Sai na yi wa kaina dabara, na daina shan ruwa tun safe don kada fitsari ya matsa mini. Ina ganin wayo na yi. Ƙafafuna suka kumbura, har ungozoma a asibiti ta zazzage ni tas, ta ce ina so in kashe kaina da abin da ke cikina. Falmata, kin san yadda ciwon ƙoda ya addabi garinmu, kin san gidajen da muka je gaisuwa. Ki sha ruwa. In kin matsu ki fita, ko na'ura ta yi ƙara ko ta yi kuka. In lokacin salla ya yi ki nemi wuri ki yi. Duk aikin da ya ce ki zaɓa tsakaninsa da lafiyarki, ba ya ƙaunarki.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, Iya Talatu, ita ta koya mini yadda ake karkata faifai tsakuwa ta taru gefe guda. Tana ƙoƙarin kamo saurina ne wata rana da azahar ta yanke jiki ta faɗi a kan tsibin riɗi. Ƙofa a datse, Malam Gambo ya tafi cin abinci. Muka yi ta dukan ƙofar ƙarfen nan muna ihu, muna yi mata fifita da faya-fayanmu, ko ɗigon ruwan da za mu yayyafa mata babu. Allah Ya sa da sauran kwananta. Da na je duba ta a gida na kasa haɗa ido da ita. Ta ce, "Ba ki yi laifi ba, 'yar nan, Allah ne Ya ba ki hannu. Sai dai ki riƙa waiwaye." Ban taɓa manta wannan ba.

Washegari muka zo kamar kullum, amma ba wadda ta shiga. Muka zauna a inuwar darbejiyar bakin ƙofa, kowa ta kifa faifanta a gabanta. Mu ba mu ma san sunansa yajin aiki ba, mun ɗauka wannan na malaman makaranta ne da ma'aikatan jirgin ƙasa. Abin da muka ce kawai, a fasa tagogi, a ajiye randa, a daina kulle mu kamar awaki. Malam Gambo ya yi dariya ya ce yunwa za ta buɗe faya-fayan.

Kuma ya kusa yin gaskiya. Kwanaki suka yi ta tafiya, tukunya ta fara yin shiru a gidaje. Babanku bai taɓa ce mini in koma ba, Allah Ya saka masa, amma ina ganin yadda yake tsame hannu daga kwano da wuri ya ce ya ƙoshi. Ina kwana ina tashi da tsoro, ga haihuwa tana matsowa.

Sai wata rana da hantsi muka ji ƙugin babbar mota. Ta tsaya a gabanmu cike da mata, fuskokinsu duk ƙura, kowace da faifai a hammata. Malam Gambo ya aika har Kumagannam an kwaso su. A shekarar damina ta yi musu gardama, gero bai yi ba, aka ce musu ga aiki a Nguru, su zo da sauri. Ba wanda ya gaya musu akwai mutane a wurin.

Kin san bakina. Na miƙe da ƙaton cikina na tare bakin mota, na fara. Na kira su mayunwata, na kira su masu cin naman 'yan'uwansu, na ce Allah Ya isa tsakaninmu da su. Har takalmina na cire ina nunawa. Ta farko da ta sauko doguwa ce, siririya, da tsage a fuska, ta girme ni nesa. Duk zagin a kanta ya sauka. Ta tsaya tana kallona har na gaji na yi shiru ina haki.

Sai ta gaishe ni da Barbarci ta ce, "Wushe. Sannu, mai ciki." Hausarta a karye take, amma na gane. Ta nuna faya-fayan da ke ƙasa. "Me ya sa kuka kifa?"

Na ce, "Shiga ki gani mana, tunda shiga kika zo yi!"

Ta ce, "To, kai ni."

Ta kama hannuna, wallahi, hannun da na gama nuna ta da shi. Muka shiga. Ta tsaya a tsakiyar siton ta ɗaga kai ta dubi tagogin da aka toshe, ta dubi kwaɗon da ke rataye a ƙofa. Ba wanda ke bakace a ranar, amma ƙurar da ta kwanta ta sa ta tari. Ta juya wajen Malam Gambo da ke biye da mu yana washe baki, ta ce a ba ta ruwa, tun asuba suke hanya. Ya ce in an tashi aiki ta sha a gari.

Ta ce, "A garinmu ko jaki sai ya sha muke ɗora masa kaya."

Ta fito. Ta zo daidai inda faifaina yake, ta tsuguna, ta kifa nata kusa da shi, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Shi ke nan abin da ta yi. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba.

Matan motar suka rikice, suka yi ta magana da Barbarci, wata tana kuka tana nuna cikinta tana ambaton 'ya'yanta. Mafi yawansu suka sauko suka zauna tare da mu. Kaɗan suka sunkuyar da kai suka shige siton. Na yunƙura zan sake buɗe baki, sai matar nan ta danne mini gwiwa. Ta ce, "Bar su. Ba ki san abin da suka baro a gida ba." Nan na tambayi sunanta, ta ce Falmata.

Malam Gambo ya fusata ya sallami motar, ya ce su koma da ƙafa. Muka rarraba su gidajenmu. Ya Falmata a ɗakina ta sauka, muka raba ɗan tuwon da ke akwai, ina ta ba ta haƙuri tana ta dariya tana kwaikwayon yadda na riƙe takalmi. Waɗanda suka shiga ba su isa su cika tirela ba, ga mai sayen riɗi yana jira. Ba a daɗe ba mai siton ya zo da kansa. Aka kira magina suka fasa tagogi, aka kawo randa biyu, aka cire kwaɗon. Makewayi kam sai daga baya aka yi, bayan an sha ja-in-ja. Muka koma aikinmu. Matan Kumagannam kuwa wani direban motar shanu ne ya taimaka ya mai da su gida, hannu wofi kamar yadda suka zo.

A siton nan mai tagogi na ƙarasa watannin cikinki ina shaƙar iska, ina shan ruwa. Da aka haife ki lafiya, Babanku da kansa ya ce, "Sunan baƙuwar nan za a sa." Ban taɓa jin daɗin maganarsa kamar ranar ba.

Ga kuma wani sakacin nawa. Na ɗauka da sa suna na gama godiya. Sai bayan shekaru, mun riga mun dawo Gashuwa, na shirya na je Kumagannam da ke a hannu. A can wata maƙwabciyar Ya Falmata ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta koma gida ba ko mudu ɗaya. Dangin mijinta suka yi mata ca, wai an kai ta inda abinci yake ta zauna a ƙasa saboda baƙin da suka zage ta. Akuyarta ɗaya tilo ta sayar. Har aka yi sabon gero, tafasa da ɗan dusa suke ci ita da 'ya'yanta. Mu muna Nguru muna murnar tagogi, ita tana can tana biyan kuɗinsu da cikinta. Na shiga ɗakinta na fashe da kuka. Ta ce, "Kayya, Hadiza, ya wuce. Kawo takwarata in gani." Ta ɗora ki a cinya tana shinshina kanki. Don haka in wani ya yi miki alheri, kada ki tsaya a na gode. Ki bincika me ya rasa saboda ke.

Shi ya sa ba zan yi miki ƙarya in ce abin da sauƙi ba. Na san abin da aikin nan yake a wurinki. Na ga yadda kika goge takalminki jiya kina waƙa. Na san bayan Babanku ba zai ƙara ɗaukar wata damina mai nauyi ba, na san ƙannenki na makaranta, na kuma san ni ce na cika unguwa da guɗa, in kika dawo za a yi mana dariya a bakin famfo. Duk na sani.

Ban ce kada ki shiga ba. Ke ba yarinya ba ce, kuma takwararki ta hana ni zagin waɗanda suka shiga, ba zan fara a kan 'yata ba. Abu ɗaya nake roƙo. In kin isa ƙofar siton kika tarar da mutane a zaune a waje, kada ki bi ta ƙofar baya, kada ki sunkuyar da kai ki wuce kamar ba ki gan su ba. Ki je ki yi musu sallama. Ki tambaye su me ya fitar da su. Ki ce a nuna miki inda ake shan ruwa da inda ake zagayawa. Ki gani da idonki, sannan ki yi shawara da zuciyarki da Ubangijinki. In kin ga rigimar banza ce, ki shiga da bismilla. In kuwa kin ga abin da Ya Falmata ta gani, kin san sunan wa kike ɗauke da shi.

Kuma ki ji wannan da kyau. In kika dawo hannu wofi, ba dangin miji za ki tarar ba, ni za ki tarar. Na yi magana da Babanku bayan sallar la'asar, ya ce, "Shinkafar bana za ta kai mu. Ki ce mata ɗakinta na nan." Masu dariyar bakin famfo kuwa ki bar ni da su, kin san ba a fi ni baki ba. Guɗar da na yi ranar nan zan sake ta, har ta fi ta farko ƙarfi.

Watakila a cikin na zaunen wata ta miƙe ta tare ki, ta kira ki mayunwaciya, ta ce Allah Ya isa. Kada ki rama, Falmata. Ba ƙinki take yi ba, tsoro ne ya cika ta, tukunyarta ta yi shiru a gida. Ni na sani, don ni ce na taɓa tsayawa a wurin da takalmi a hannu, ke kuma kina cikina kina jin komai. Ki bari ta gama. Sannan ki ce mata sannu.

Allah Ya kiyaye mini ke a tafiya da zama, Ya tsare ki daga azzalumin shugaba da mugun abokin aiki, Ya ciyar da ke halal ɗin da babu hawayen kowa a ciki. Allah Ya ƙara wa Ya Falmata lafiya, Ya sa mu rabu da ita da alheri. Ki kira ni da zarar kin sauka, ko da kalma ɗaya ce, don ba zan iya haɗiyar abinci ba sai na ji muryarki.

Na bar ki a hannun Wanda ba Ya barci.

Innarki,
Hadiza